Layin da Na Ja wa Babanku

Shekarar da Babanku ya faɗi sau biyu ita zan ba ku a nan, don faɗuwar farko kun san ta daidai, ta biyun ce kuka sani a karkace. Ta farko ciwo ne ya kayar da shi a bakin famfo da safe, hawan jini, ɓarin hagu ya shanye. Wannan ba laifin kowa ba ne, in ba nasa ba, da yake ɓoye ƙwayar magani a aljihun riga yana ce mini ya sha. Ta biyun a tsakiyar falonmu na Samaru aka yi ta, da wancan babban tabarau a fuskarsa, kuma tun daga ranar kowa ya sami wanda zai ɗora wa. Kai Iliya ka ɗora wa ƙanwarka Talatu da ta kawo na'urar. Ke Talatu kin ɗora wa kanki. Matan zumunta na cocinmu sun ɗauka nasu ne. Ni da na san yadda aka yi, na yi gum da bakina. Yanzu idona ya gaji da ramin allura, amma hannuna bai gaji da biro ba, to ku natsu ku ji.

Kun san ni tela ce. Shekara arba'in da ɗoriya na yi a rumfata ta kasuwar Sabon Gari, na ɗinka wa amare, na ɗinka wa mawaƙan coci anko, rigunan makaranta kuwa ba na ma iya tuna yawansu. Duk wadda ta koyi ɗinki a hannuna, abu ɗaya nake fara cusa mata: in kin auna, kafin ki sa almakashi, ki ƙara. Mu teloli alawus muke ce masa. Riga in ta yi yawa a rage ta, in kuwa ta yi kaɗan yadin mutane ya tafi ke nan, sai kunya da ba da haƙuri. Wannan ƙarin ya shige mini hannu har ba na sanin ina yin sa. Ko tuwo zan tuƙa sai na ƙara gari, kun sha cin ɗumame a kan haka.

Babanku, Malam Dauda, mutumin ƙafa ne. Aikin shanu ya yi a gonar Shika har ya yi ritaya, kuma ko da ya sayi keke ya fi son ya tura shi yana tafe yana gaisawa da mutane. Wannan mutumin ne aka shigo mini da shi gida a keken guragu, baki a ɗan karkace, hannun hagu a kan cinya kamar na aro. Wata ma'aikaciya a sashen gashin ƙashi na asibitin Shika, mace mai haƙuri, ta zaunar da mu ta gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa watannin farko su ne komai. Abin da ƙafa ta koya a cikinsu shi za ta riƙe, abin da ta rasa da wuya ya dawo. Ta ba mu takarda mai zane-zanen motsa jiki, ta ce kullum safe da yamma. Takardar nan kwana biyu ta yi, na same ta yana kora ƙuda da ita.

"Ni da nake kayar da bijimi da hannu ɗaya," in ji shi, "yanzu a ce in zauna ina ɗaga ƙafa sau goma kamar ɗan firamare?"

Bijimin nan dai ban taɓa ganin sa ba, amma taurin kan na san shi tun ina amarya. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira fasto, ko a jikinsa. Mako uku ya yi a kujera yana kallon bango, ni kuma ina kallon ƙafar tana ƙanƙancewa. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na ga mutumin da ba zai sake takawa ba.

A haka Talatu ta zo daga Legas da kwali a hannu. Bari in faɗa tun yanzu, Iliya, don ka sha cewa ta kawo wa tsoho mai ciwo wasan yara ba ta tambayi kowa ba: ta tambaya. A gabana ta kira ma'aikaciyar nan ta waya, suka daɗe suna magana, matar ta amince da sharaɗin a fara daga zaune kuma kada a bar shi shi kaɗai. Abin da ke cikin kwalin tabarau ne babba da ke rufe rabin fuska, ana ɗaure shi ta ƙeya, sai rimot biyu, ɗaya a kowane hannu. In ka sa shi falon ya ɓace, sai ka gan ka a wani wuri daban, kuma duk inda ka taka ko ka miƙa hannu, can ma haka za ka taka ka miƙa. Akwai 'yan idanu a jikinsa da ke kallon ɗaki, da su yake gane inda kake tsaye. Ita na'urar ba ta da wuyar kunnawa. Ɗakin ne aiki.

Kwana uku muka yi muna gyara falon. Talatu ta ce ana son fili wanda babu komai a ciki, na ɗauko tef ɗina na awo muka auna, ita tana faɗa da mita ni ina mayarwa yadi, muka tsaya a kan yadi biyu da rabi kowane gefe. Teburin tsakiya ya koma ɗakin baƙi. Kujerun kushin muka jera su a bango ɗaya. Kafet muka naɗe, don gefensa na iya kama yatsa. Madubin bango ta ce yana ruɗa idanun na'urar, sai su ga ɗaki biyu, na cire shi. Kabad ɗina na gilashi da ke cike da tangaran ba ya ɗaguwa, na lulluɓe shi da tsohon zane. Ta sa na tsaya a ƙarƙashin fanka na ɗaga hannu, ta ga akwai saura, amma duk da haka ta ce a kashe ta in ana yi. Tagar gabas a saki labule, don rana in ta bugi gilashin ciki tana ƙona shi, amma kuma kada ɗakin ya yi duhu, in ba wuta a buɗe ƙofar tsakar gida. Na ce mata ko amarya ba ta kai wannan abu sharuɗɗa ba.

Sai babban aikin, wanda ta sa na yi da hannuna sau biyar tana tsaye a kaina. In ka sa tabarau da farko falon kake gani, dishi-dishi. Sai ka sunkuya ka taɓa ƙasa da rimot, don na'urar ta san inda daɓe yake. Sannan ka nuna ƙasa da rimot ɗin ka ja layi ka zagaye filin har ka dawo inda ka fara. Wannan layin na'urar ke riƙewa. Duk lokacin da mai tabarau ya matso kusa da shi, sai wata raga mai haske ta taso a gabansa ta ce masa tsaya. Da muka gama, Talatu ta bi layin da farin salatif ta manna a kan daɓe, don in na'urar ta manta ɗakin, wanda takan yi in an motsa kaya, in bi salatif ɗin kawai in sake ja. Ranar da za ta koma ta riƙe hannuna a tsakiyar filin.

"Mama, kin ga layin nan? Shi ne idon Baba. In ya sa tabarau ba ya ganin bango, ba ya ganin kabad, layin kaɗai gare shi. Ki bar tsawon hannu tsakaninsa da komai. Gara filin ya yi masa kaɗan."

Na ce mata tun ba a haife ta ba nake awo, ta kama hanya kada mota ta bar ta.

Abin da Babanku ke gani a ciki lambu ne. Bishiyoyi hagu da dama, 'ya'yan itace na reto, kwando a gabansa, aikinsa ya miƙa hannu ya tsinko ya sa a kwando. Ranar farko da kyar ya yarda aka ɗaura masa, yana zaune a kujerar katako. Ya juya kai nan, ya juya can. Muna jira mu ji ya ce a cire.

"Wa ya dasa waɗannan?" ya ce. "Sun yi kusa da juna. Nan da shekara biyar za su shaƙe kansu."

Yana mitar yana tsinka. Abin da takarda ta kasa, lambun ƙarya ya yi. Kullum in ya sha shayi sai ya ce in kawo masa gonarsa. Hannun hagun da ke kwance ya fara ɗagawa, don 'ya'yan da suka fi nuna a hagu suke fitowa, shi kuma ba ya iya ganin nunanne ya bar shi. Daga zaune muka koma tsaye, na ɗaura masa zane a ƙugu ina riƙe da bakinsa ta baya. Daga nan taku ɗaya gefe, taku biyu. Mako shida da farawa yana yin taku uku hagu, uku dama, ba na riƙe da komai, ina dai tsaye kusa. Ma'aikaciyar Shika ta gwada shi ta yi murna, ta ce in aka ci gaba haka sanda ma ta ɗan lokaci ce. Ƙorafinsa ɗaya ne, wai ragar nan ta cika tasowa, da ya ɗan saki jiki sai ta tare shi, an tsare shi kamar ɗan maraƙi a garke. Kullum sai ya faɗa, ni kuma kullum yana shiga kunnena.

Matan zumunta kun san a gidanmu suke taruwa ran Laraba da yamma, tun kuna ƙanana. Da aka gyara falo sai na mayar da su tsakar gida, muna shimfiɗa tabarmi. Wata Laraba a tsakiyar damina, mun fara waƙa ke nan ruwa ya sauko, kowa ta kwashi tabarma da littafi aka ruga falo. Aka jawo kujeru, aka yaye zanen kabad wata ta yafa don sanyi, aka yi sujada lafiya. Su kuma matan nan ba sa barin gidan mutum da datti, al'adarsu ce, ko gidan makoki ko gidan biki sai sun share sun goge kafin su tafi. Ina kicin ina haɗa wa Babanku abinci, suka yi shara, suka yi goge-goge, suka ga farin abu manne a daɓe ya yi baƙi da tafin ƙafa, suka bi shi da farce suka ɓamɓare tas. Shugabarmu Mama Laraba, ƙawata tun muna 'yan mata, har tana nuna mini yadda daɓen ya fito fes. Tulun kiɗanmu, wanda ake buga bakinsa da soso in ana waƙa, ta ce a bar shi nan kada ya zame wa wata a taɓo. Aka ajiye shi a gefen kabad.

Washegari da safe na sa tabarau don in shirya masa, na'urar ta nuna ba ta san ɗakin ba, a sake jan layi. Na duba ƙasa, babu salatif. Tef ɗina na awo yana cikin aljihun keken ɗinki, taku goma daga inda nake tsaye. Ban je na ɗauko ba. Na ce a raina yadi biyu da rabi ne, ni da nake yanka shadda da ido. Na taɓa ƙasa da rimot, na fara ja, kuma da na zo ɓangaren hagu, wajen kabad, hannuna ya yi abin da ya saba. Na ƙara. Na tuna mitarsa ta ɗan maraƙi, na sake ƙarawa. Tulun kuwa na gan shi, kada wani ya ce ban gani ba. Dishi-dishi ne amma na gan shi, na ce ai yana can gefe, zan ɗauke in na gama. Na ɗaura wa Babanku tabarau, ya shiga lambunsa. Sai na ji ƙaurin wake a kan wuta. Na ce masa ina zuwa, ya ce in je, shi ba jariri ba ne.

Ban kai ga sauke tukunyar ba na ji fashewar tulu, sannan ƙarar jikin mutum a kan kabad, tangaran na zubewa a ciki. Na same shi a ƙasa ta gefen hagu, tabarau ya goce, goshi ya tsage, jini na bin gira. Maƙwabcinmu ya kai mu Shika a motarsa. Aka ɗinke goshin, aka ɗauki hoto, Allah ya sa ba karaya, sai targaɗe a wuyan hannu da ƙugu da ya kumbura. A hanyar dawowa yana jingine da ni a bayan mota ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda direba ba zai ji ba.

"Saratu, ragar ba ta fito ba. Ko ta fito ne ni ban gan ta ba?"

Tun kwanciyarsa ta farko likita ya gaya mana cewa wasu masu irin ciwonsa sukan daina lura da abin da ke gefen da ya shanye, ko da idon lafiya lau. Wannan maganar ce ta dawo masa. Na san amsar tambayarsa sarai. Na ce masa ya yi shiru ya huta. Da muka isa gida na kwantar da shi, na koma falo na sa tabarau. Ga layina nan, ya bi ta bayan fasasshen tulun, saura kaɗan ya taɓa ƙafar kabad. Na danna na goge shi, na share ɓaraguzan, na wanke hannu.

Kai Iliya ka iso daga Kaduna da rana. Ka kira Talatu a gabana, ta inda ka shiga ba ta nan kake fita ba, ina jin kukanta ta cikin wayar. Ka tattara na'urar ka mayar kwali ka ɗora a kan wardirob. Ina zaune ina kallo. Kwana biyu bayan nan Mama Laraba ta zo, da girmanta da ciwon gwiwarta, ta durƙusa a ƙofar ɗaki.

"Maman Iliya, tulunmu ne. Ni na ce a bar shi. Ki yafe mini, ki roƙar mini Malam."

Na ɗaga ta, na ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba. Na karɓi ban haƙurin da ba nawa ba ne, har da sa mata albarka. Daga ranar zumunta ta koma wani gida, ba wanda ya kore su, kunya ce ta hana su. In kun tambaye ni me ya rufe mini baki, ba wani abu mai zurfi ba ne. Ina tsoron idon Iliya. Ina jin nauyin a ce Saratu mai awo ta kuskure awo, ta kuma bar miji a tsaye ta tafi wajen wake. Kullum sai in ce gobe, in ya ɗan warware.

Bai warware ba. Goshi ya warke, kumburi ya saɓe, amma Babanku ya daina tashi. In zai shiga bayi sai mutum biyu sun kama shi, shi da ke taku uku ba riƙo. In na ce ya gwada tsayawa a jikin gado sai ya girgiza kai, ya ce ƙafar ba ta da laifi, kan ne ya sake taɓuwa, mutumin da bai ga raga mai haske a gabansa ba yaya zai ga rami a hanya. Ya ƙi zuwa gashi. Ya daina mita, wanda shi ya fi tayar mini da hankali, don Malam Dauda mai lafiya ba ya wuni bai kushe wani abu ba. Ina shafa masa mai a ƙafar ina jin yadda agarar ke ƙara tauri a hannuna. Mako bakwai muka yi a haka, na ƙirga su.

Wata Asabar da hantsi ya ce in jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado. Takalmansa ne a ciki, na zuwa coci, da bot ɗin gona, da sandal ɗin da bai daɗe da saya ba. Ya ce in goge su in sa a buhu, in mai zuwa ƙauye ya samu a kai wa ƙaninsa, kada su bushe a banza. Ya faɗa ne kamar yana cewa a miƙo masa ruwa. Na zauna a ƙasa da bot ɗaya a hannu, na ji ba zan iya ƙara kwana ɗaya ba. Na gaya masa komai, salatif, da tef ɗin da ban ɗauko ba, da ƙarin da na yi, da tulun da na gani, da layin da na goge. Ban yi kuka ba sai da na gama. Ya juyo ya dube ni.

"Wato ragar ba ta fito ba."

Na ce ba ta fito ba, ba za ta fito ba, don a wajenta yana tsakiyar fili.

"Mako bakwai, Saratu. Ina kwance ina jiran ranar da zan manta sunanki."

Abin da ya faɗa ke nan. Bai ɗaga murya ba. Can ya ce in mayar da takalman, in sauko da kwalin, in kuma ɗauko tef.

Na tura shi falo a kekensa, ya zauna a bakin ƙofa yana ba da umarni kamar yana sa a kafa shingen garke. Na auna, ya sa na sake aunawa, ya ce in karanto masa lambar da ƙarfi. Na ja da allin ɗinki, ya ce in matso da na hagun ciki da tafin hannu guda. Sannan ya aika na sayo ƙaramin gwangwanin farin fenti a bakin titi, na bi allin da shi, ya ce yanzu duk mai son gogewa sai ta zo da guduma. Wannan shi ne farin murabba'in da ke falon har yau, wanda jikokina ke wasan tsalle a ciki. Da fentin ya bushe na ja layin na'ura a kansa daidai. Bai yarda ya sa ba sai da ya sa ni na ɗaura tabarau na tafi kowane gefe, ina cewa ga raga, shi kuma yana duban inda ƙafata take. Gefe huɗu, sau biyu-biyu. Ran Litinin ya tsaya, da zane a ƙugu, ina riƙe da shi da hannu biyu. Ya matsa hagu da gangan, a hankali, har ya tsaya cak.

"Ga ta nan," ya ce. "Ina ganin ta."

A ranar ya ce kada in gaya muku. Ya ce Iliya zai ɗaga mini murya, shi kuma ba zai iya kwanciya yana jin ɗansa na yi wa uwarsa tsawa ba. Na ce to Talatu fa? Ya ce zai kira ta ya ce mata gonarsa ta dawo, wannan zai ishe ta. Na yarda da sauri, don ya yi mini daidai. Bai ishe ta ba, Talatu, na sani. Na ga yadda kika riƙa zuwa gida kina zama a bakin kujera kamar baƙuwa, na ga yadda ke da yayanki kuke gaisawa ba ku haɗa ido. Ba ki yi kuskure ko ɗaya ba, abin da kika ce in yi ne ban yi ba. Mama Laraba kuwa na je na same ta kafin in fara wannan rubutu. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta sha wuya kafin ta yafe wa kanta, yanzu kuma na kawo mata sabon aiki, sai ta fara koyon yafe mini. Ba ta raka ni ƙofa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Da muka koma Shika ma'aikaciyar ta lanƙwasa ƙafar, ta miƙe ta, ta sa shi ya taka a tsakanin ƙarafa biyu. Ta ce zai yi tafiya, amma agarar ta riga ta ɗaure, tafin ba zai riƙa ɗagawa sosai ba, sandar da ta ce ta ɗan lokaci ce yanzu ta zama tasa. Ta tambaya me ya sa muka ɓace mata kusan wata biyu ana tsakiyar samun sauƙi. Na buɗe baki, ya riga ni, ya ce ragwanci ne irin na tsofaffi.

Ya yi tafiya kuwa. Shekara uku ya ƙara a duniya a kan ƙafarsa, yana zuwa bakin titi sayen jarida, yana zagaya unguwa yana kushe yadda mutane ke ɗaure awakinsu. Amma kun san yadda yake tafiyar: sanda ta sauka, ƙafar dama ta taka, ta hagu ta biyo tana share ƙasa. Ku kun ɗauka ciwon ne ya bar masa wannan. Wani ɓangare ciwon ne, sauran kuwa makonni bakwai ne da na yi ina tsare mutuncina. Kowace safiya ina kicin nake jin sa yana ratsa tsakar gida, takalmin hagu na gogar siminti tun daga ƙofar ɗaki har bakin get, kuma ban taɓa sabawa da ƙarar ba. Shi kuwa bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Ubangiji, ko da wasa, ko a cikin faɗa, kuma mun yi faɗa da yawa bayan nan a kan gishiri da rediyo. Na jira ya goranta mini ko sau ɗaya don in sami abin da zan amsa. Bai ba ni ba.